Akwatin koyon Arduino da na siya bayan ritaya, abinda na gani a ciki

Assalamu alaikum. Wannan bayani ne akan akwatin nan na koyon haɗa kayan lantarki da ake kira Arduino, irin wanda ake kawowa daga Chaina a cikin roba mai murfi mai gida-gida, kuma saboda sa'o'ina na rubuta shi, waɗanda suka haura hamsin ko suka ajiye aiki, don kusan duk bayanin da ake yi akan kayan nan yara 'yan jami'a ne suke yi, su kuma abinda yake damunmu baya damunsu. Ni aikin lissafin kuɗi nayi har na gama, ban karanta injiniyanci ba, sha'awa ce kawai tun ta ƙuruciya ta son sanin me yake faruwa a cikin rediyo, sai yanzu Allah ya bada lokaci.

In gajarce maka tun farko, akwatin ya ci kuɗinsa kuma ina bawa duk wani dattijo mai sha'awa shawarar ya siya, amma fa shi kaɗai bazai wadatar da kai ba, akwai kayan da dole ka ƙara da kuɗinka, akwai kuma na ciki da ba don irin yanayinmu aka yi su ba.

Shi Arduino ɗin kansa wani ɗan allo ne da bai wuce tafin hannu ba, yana da IC guda ɗaya wadda itace ƙwaƙwalwarsa, sunanta ATmega328P, kai kake rubuta mata umarni a kwamfuta ka tura mata ta wayar USB, daga nan ko ka cire kwamfutar tana riƙe da umarnin, duk sanda ta samu wuta zata cigaba da aikatawa. A garin Ivrea na ƙasar Italiya aka fara shi a 2005, a wata makarantar koyon zane da ƙirƙira, kuma dalilin yinsa shine ɗaliban wajen ba injiniyoyi bane, ana so su iya haɗa abu mai motsi ko mai haske ba sai sun shekara huɗu suna karatun lantarki ba. Wannan tarihin ne ya ƙarfafa min gwiwa gaskiya, don abu ne da tun asali an yi shi saboda irinmu da muka shigo daga wani fanni. Samfurin da yafi yawo shine Uno wanda ya fito a 2010, shine kuma a cikin akwatina. Masu shi sun saki zanen yadda ake ƙera shi kyauta ga kowa, shiyasa kamfanonin Chaina suke buga nasu da yawa da araha, to nawa irin wannan ne, ba na Italiya bane, kuma mai siyarwan bai ɓoye min ba. Na asalin shi kaɗai ba tare da komai ba ya haura dala 20, ka lissafa da canjin yau kaga dalilin da yasa kusan kowa a nan na Chainan yake siya.

Daga wani mai shago a Legas na yi oda ta waya, aka sako min a mota na karɓa a tasha a nan Kano. Yaron yana da ladabi, da na faɗa masa shekaruna sai yace Baba ai kar ka ɗauki babban akwatin tukuna, matsakaicin ya isheka, kuma gaskiya ya faɗa min duk da a babban zai fi samun riba. Babban cike yake da abubuwan da sai ka daɗe baka taɓa su ba, su na'urar karanta kati da rimot da allon ƙananan fitilu masu zane, ga shi kowanne da kalar tasa matsalar. Gara ka riƙe ragowar kuɗin ka siyi mita, wato 'yar na'urar hannu ta auna wuta, da fitilar tebur.

Abinda yafi min daɗi a duk akwatin shine allon gwajin nan fari mai ramuka 830. Kana tsira ƙafar abu a rami ya kama, in ka ga ba daidai ba ka zare ka mayar wani wajen, babu dalma babu ƙuna babu hayaƙi. Ga wanda hannunsa ya fara ɗan rawa ko yake tsoron ayan, ƙarfen nan mai zafi na narka dalma, wannan ba ƙaramin sauƙi bane, zaka iya daɗewa kana koyo baka liƙa komai da dalma ba. Na biyu kuma komai a bolt 5 yake aiki, wutar da ko ka riƙe da hannu bazaka ji komai ba, don haka ko jikoki sun zo sun kewaye tebur hankalinka a kwance yake, abinda zaka kula dashi kawai kar ƙaramin yaro ya kai ƙananan kayan baki. Na uku, kuma wannan a wajenmu babba ne, baya jiran NEPA. Fawa bank ɗin da kake cajin waya dashi ya isa ya kunna shi tsawon yini, don shi allon Arduino abinda yake ja bai wuce miliamfiya 50 ba ko kusa da haka, miliamfiya kuwa ma'aunin yawan wutar da abu yake ja ne. Sai dai akwai fawa bank ɗin da in abinda aka jona masa baya jan wuta sosai sai ya ɗauka ba'a jona komai ba ya kashe kansa bayan 'yan daƙiƙu, nawa na farko haka yake yi, na gidan da na ara kuma baya yi, to in naka yana mutuwa ba allon bane ya lalace, canza fawa bank.

Allon gwajin yana da wani abu da takardar koyarwar akwatin bata faɗa ba, layukan nan biyu na gefe, ja da shuɗi, da ake ɗaukar wuta a jikinsu, a wasu allunan a tsakiya suke yankewa, rabin hagu baya haɗe da rabin dama. Nawa haka yake. In ka duba da kyau zakaga jan layin ya ɗan katse a tsakiya, alamar kenan, sai ka sa 'yar gajeriyar waya ka haɗe su. Ramukan kuma ba duka suke kamawa da ƙarfi ba, wasu sakwa-sakwa ne tun suna sababbi, sai kaga abu yana aiki ka taɓa tebur ya tsaya. Wayoyin jonawan da suka zo dashi ma a cikinsu na samu waɗanda a waje lafiya lau amma a ciki a tsinke suke, kuma babu yadda za'ayi ka gane da ido.

Nan ne maganar mita ta shigo, kuma nan ne babban ƙorafina akan akwatin, ace an haɗa maka kayan koyon lantarki babu abin awo a ciki. Wutar nan ba ganinta ake ba, in babu mita hasashe kawai kake. A Sabon Gari na siyi tawa wajen masu saida kayan gyaran rediyo da talabijin, kuma shawarata ka nemi mai ƙara, wadda in ka haɗa bakinta biyu akan waya mai kyau zata yi ƙara. Ƴar rawayar nan mai arha da ake gani ko'ina, DT830B, yawanci bata da wannan ƙarar, 'yar uwarta DT830D ita ke da ita, bambancin kuɗinsu kaɗan ne. Da ƙarar nan na bi wayoyin akwatin ɗaya bayan ɗaya na ware matattun na zubar, tun daga lokacin rabin wahalata ta ƙare. Ka roƙi mai shagon ya nuna maka inda ake murɗawa don auna bolt da inda ake murɗawa don auna rizisto, wato ɗan abin da ke rage kwararar wuta wanda ake auna shi da om, da kuma ramin da ake sa jar waya, musamman ramin nan mai rubutun 10A wanda a masu arhar babu fis a bayansa, ba'a barin waya a cikinsa a je auna batir.

Yanzu maganar ido. Ana cewa gemu baya hana ilimi kuma gaskiya ne, amma ido yana iya hanawa in baka yi masa tanadi ba, kuma wanda ya haɗa akwatin nan bai yi tunanin mai shekara sittin ba ko kaɗan. Rizisto ɗin nan kowanne girmansa kamar ƙwayar shinkafa, ba'a rubuta lamba a jikinsa, zobba ne masu kala ake karantawa. A littattafai zakaga ana koyar da mai zobe huɗu mai jiki ruwan ƙasa, ace maka om 220 shine ja, ja, ruwan ƙasa, amma na cikin akwatin masu shuɗin jiki ne masu zobe biyar, kuma akan shuɗin nan ja da ruwan ƙasa kusan iri ɗaya suke fitowa, balle da daddare a hasken fitilar caji. Ka ɗauki na om 1,000 da na om 10,000, zobe ɗaya tak ya raba su, na huɗu, a wannan ruwan ƙasa a wancan ja, wallahi ko jikana ɗan sakandare sai da ya kai shi bakin taga kafin ya bambance. Abinda nayi shine na daina wahalar da idona gaba ɗaya, na auna kowane rukuni da mita, na samu ƙananan ambulan na rubuta lambar da babban baƙi na zuba su, wanda na gama aiki dashi in sake aunawa kafin in mayar. Rubutun da ke gefen ƙafafun allon Arduino shima ƙanana ne sosai, fari akan shuɗi, tsakanin rami da rami kuma milimita biyu da rabi ne kawai, sai ka sa a 9 kana ganin a 10 ka sa. Gilashin karatu kaɗai bai isa ba, na ƙara da madubin ƙara girma irin na masu gyaran waya mai fitila a jiki, da ɗan hantsaki na ɗaukar ƙananan abu, sannan na maida lokacin aikina da safe bayan an karya, a inda haske yake shigowa. Kyamarar wayarka ma tana taimako, ka ɗauki hoton abin ka buɗe shi da yatsa ka karanta. Duk wanda ya tsallake wannan tanadin ina ganin zai ajiye akwatin ne yace abin ba nashi bane, alhali ba kansa ne ya gaza ba, haske ne bai isa ba.

Takardar koyarwa kuwa sai dai haƙuri. Wani ɗan faifan CD suka sako, laftof ɗin yanzu kuma ina suka ga wajen sa CD, sai da mai shagon ya turo min ta WhatsApp. Turancin ciki a karye yake, wasu hotunan basu dace da kayan da ke akwatin ba, kuma abinda yafi damuna shine basa gaya maka dalili, sai dai ace sa wannan a nan, kwafi wannan rubutun, kaga fitila ta kama. To ni ba kamawar fitilar na biya kuɗi in gani ba, so nake in san me yasa. Misali sunce a sa rizisto mai om 220 kafin fitilar LED, basu ce don me ba. Lissafin kuma mai sauƙi ne, allon yana bada bolt 5, jar LED tana cin wajen bolt 2, saura 3, ka raba 3 da 220 ka samu kusan miliamfiya 14, wanda ya isheta haske kuma bai kai miliamfiya 20 da aka ce kar a wuce a kowace ƙafar allon ba. In babu rizisto ɗin wuta zata kwarara fiye da ƙima, ko fitilar ta ƙone ko ƙafar IC ɗin ta lalace. Layi uku kenan da zasu rubuta mutum ya fahimci wannan lissafin da ake kira dokar Ohm har abada, amma basu yi ba. Wanda yayi aikin lissafi ko koyarwa ko ma kasuwanci zai ga wannan ɓangaren yafi masa sauƙi akan yadda yake tsoro, raba lamba ne da ninkawa, babu wani abu da ya wuce na 'yan aji uku na sakandare.

Haɗa shi da kwamfuta shima akwai ɗan tsaiko. Na Chainan suna amfani da wata 'yar IC mai suna CH340 wajen magana da USB, saɓanin na asalin, kuma wasu kwamfutocin basa ganinta sai an saka mata direba, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane ta. Tawa bata gani ba, sai da na sauke direban daga intanet, abin minti kaɗan ne in ka san sunan da zaka nema, in baka sani ba kuma zaka ɗauka mataccen allo aka siyar maka. Manhajar rubuta umarnin, Arduino IDE, kyauta ce, sau ɗaya zaka sauke ta daga nan bata buƙatar data sai in zaka ƙaro wani abu. Ka shiga saitinta ka ƙara girman rubutu tun ranar farko. A cikinta akwai misalai da yawa da aka riga aka rubuta, na farkon da kowa yake farawa dashi sunansa Blink, yana sa 'yar fitilar da ke jikin allon a ƙafa ta 13 ta dinga kamawa tana mutuwa duk daƙiƙa ɗaya, kuma kar ka raina shi, ka canza lambar 1000 da ke ciki zuwa 200 ka tura kaga fitilar ta ƙara sauri, a nan ne zaka ji a jikinka cewa kai ne kake bada umarni abin yana bi. Rubutun umarnin da Turanci ne amma kalmomin da ake maimaitawa basu da yawa, gida biyu ne, ɗaya abinda za'ayi sau ɗaya in an kunna, ɗaya abinda za'a dinga maimaitawa, abinda yafi kama sabon shiga shine mantawa da 'yar alamar nan ta ɗigo da waƙafi a ƙarshen layi. Wanda bashi da laftof akwai manhajar ArduinoDroid a wayar Android, da 'yar wayar OTG ake jona allon, na gwada tana aiki, amma rubutu akan fuskar waya ga mai manyan yatsu da raunin ido wahala ce, ko tsohuwar laftof ce ka samu ta fi. Akwai kuma Tinkercad a intanet inda zaka haɗa komai a hoto ka gwada kafin ka taɓa na gaske, kyauta ne amma yana shan data.

Sai na'urorin awo da suka zo a ciki, a nan ne na gane ba'a yi lissafin Arewa ba. Akwai wata 'yar shuɗiya mai suna DHT11 mai auna zafi da laimar iska. Zafin da take iya aunawa daga 0 ne zuwa 50, kuskurenta kuma yana kai maki 2 sama ko ƙasa, to a watan Afrilu da inuwa ma take haura 40, in ka sa ta a ɗaki mai rufin kwano babu silin ko cikin mota ta kusa ƙurewa. Laima kuma daga kashi 20 take farawa, mu kuwa da hunturu iskar Kano da rana tana sauka ƙasa da haka, sai kaga lambar ta tsaya waje ɗaya ko tana bada abinda hankali bazai ɗauka ba. Don koyo ta wadatar, amma wanda yake da niyyar yin abin gaske da ita, kamar masu son haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai, kar ya dogara da ita, maki 2 a wajen ƙwai ba wasa bane, ya nemi DHT22 wadda tafi ta daidai kuma awonta yafi faɗi. Hunturun nan dai yana da wata illar, wutar nan da take ɗan tartsatsi in ka taɓa ƙofar mota ko bargo, tana iya kashe IC ba tare da kaga alama ba, shiyasa a lokacin nake fara taɓa ƙarfen taga kafin in ɗauki allon, kuma a gefe-gefe nake riƙe shi. Ƙura ma tana cika ramukan allon gwaji, in ka gama ka rufe shi a akwatinsa.

Wadda tafi burge ni itace HC-SR04, mai ido biyu, tana tura sautin da kunne baya ji ya daki abu ya dawo, allon ya lissafa lokacin ya gaya maka nisan, daga santimita 2 har wajen mita 4. Da ita na yi abu na farko mai amfani a gidan, na auna ruwan tankin sama, don kullum sai dai a ga ruwa yana zuba ta sama in an kunna sumo ko kuma a wayi gari babu ko ɗigo. Na ɗaura ta a murfin tankin tana kallon ƙasa, in nisan ruwan ya ragu zuwa inda na saita sai 'yar ƙararrawa ta yi ƙara a tsakar gida a je a kashe. Ta yi aiki sosai, maiɗakina ma da take ganin wasan yara na tsiro dashi ranar ta yarda. Amma ba'a yi ta don laima ba, tururin cikin tanki yana taruwa a jikinta, bata daɗe ba ta fara tsatsa tana bada lambar banza. Akwai irinta mai jure ruwa, JSN-SR04T, umarnin kusan ɗaya ne, ita ya kamata a sa a tanki, waccan a barta a tebur.

Ƙaramin allon rubutun, LCD mai layi biyu kowanne harafi 16, yana da kyau kuma rubutunsa manya ne ana gani daga nesa, sai dai ranar farko haske kawai zai baka babu rubutu, akwai wani ɗan shuɗin abu a bayansa da ake murɗawa da ƙaramin sukundireba har rubutun ya fito, wannan ma basu faɗa ba. In zaka siya ka tabbata mai ƙafa huɗu ne a baya, wanda ake cewa I2C, ɗayan wayoyi sama da goma yake ci. Ƙaramin injin SG90 mai juya hannu yana aiki amma in ya motsa da nauyi yana jan wuta har allon ya mutu ya sake tashi, gara a bashi tasa wutar daban. Batir mai bolt 9 da suka sako kuwa ba abin dogaro bane, kafin ka gama gwaji ɗaya ya yi sanyi, kar ka ɓata kuɗi kana siyan irinsa.

Tunda yawancinmu yanzu akwai sola ko inbata a gida, abu na biyu da na haɗa shine mai nuna ƙarfin batir, kuma shi nake bawa sabon shiga shawarar ya sa a gaba don kusan duk kayan suna cikin akwatin. Ƙafar awo ta allon bata ɗaukar sama da bolt 5, tana maida shi lamba daga 0 zuwa 1023, batirin kuma 12 ne har ya haura 14 in yana caji, to sai ka jera rizisto uku masu om 10,000 a layi ka ɗauki awon daga kan na ƙarshe, kashi ɗaya cikin uku kenan yake isowa, a umarnin sai ka ninka da uku ka rubuta a LCD. Batirin ruwa mai bolt 12 in ya cika ya huta yana nuna wajen 12.6 zuwa 12.7, in ya sauko wajen 12.1 ya kai rabi, kuma yawan barinsa yana wuce nan shi ke kashe shi da wuri. Yanzu kowa a gidan yana kallon lambar ya san lokacin kashe fanka da talabijin. Abu biyu dai, ka sa ƙaramin fis a wayar kusa da kan batirin don batirin sola in wayoyinsa suka haɗu narkewa suke, sannan kar ka ciyar da allon kai tsaye daga batirin, an fi so a bashi tsakanin bolt 7 zuwa 12 ta ramin caja, sama da haka zafi yake ɗauka, cajar waya ta mota mai arha tana sauke maka shi zuwa 5 lafiya lau, sai ka bashi ta ramin USB. Wannan lissafin na batir ɗaya ne mai 12, wanda nasa 24 ne ko 48 lissafinsa daban.

Wanda zai yi oda, ka ce a turo maka hoton allon na gaske kafin ka biya. Akwai mai doguwar IC baƙa da take zaune a soket, akwai mai 'yar ƙarama murabba'i da aka liƙe da dalma. Aikinsu ɗaya, amma mai soket ɗin in ta ƙone zaka zare ta ka sa wata, ɗayan kuwa sai dai sabon allo ko ka kai wa masu gyaran waya. Nawa mai liƙen ne, in zan sake siya mai soket zan nema. Ka tambaya ko akwai wayar USB a ciki, irin ta firinta ce mai faɗin kai ba irin ta waya ba, wadda suke sakowa kuma gajeriya ce ƙwarai. Ka kuma samu wani mai gyaran rediyo ko talabijin na unguwa ku saba, ba lallai ya san rubuta umarni ba amma hannunsa ya san kayan, wanda nake zuwa wajensa shi ya koya min gane turansisto, ɗan abin nan mai ƙafa uku, mai rai da matacce da mita, shi kuma yanzu yake nuna min riƙon ayan da yadda ake barin dalma ta bi ƙafar da kanta, ni kuma ina nuna masa ɓangaren kwamfutar.

Abu na ƙarshe a akwatin shine rile, ɗan shuɗin akwati mai ƙara ƙas in ya kama, wanda yake bawa allon damar kunna babban abu ya kashe. A jikinsa an rubuta 10A 250V, kuma na san abinda zai fara zuwa ran kowa shine ya jona sumo ko fanka ya huta. Dan Allah kar a yi gaggawar wannan. Wutar gida bolt 230 ce, kisa take, allon gwaji da siraran wayoyin nan ba'a yi su don ita ba ko kusa, sannan injin ruwa a lokacin da yake tashi yana jan wuta ninkin abinda yake ja in ya daidaita, ɗan rile irin wannan bakinsa yana iya narkewa ya manne, injin ya ƙi mutuwa. Ni a kan fitilar bolt 12 da ƙaramar fankar DC nake amfani dashi kuma yana yi daidai. Na sumo ɗin na riga na yi magana da mai wayarin ɗin gidanmu, kontakta, wato babban rile, zai sa mai ƙarfin injin a cikin akwatinta a bango da fis ɗinta, rile ɗin nawa ita kawai zai dinga taɓawa, ɓangaren wutar gidan gaba ɗaya shi zai haɗa da hannunsa.